Goro a Ɗakin Jera Zare

Tanimu ya ci amana, kuma ba zan sakaya sunansa ba. Ma'aikacin ɗakin jera zare ne, ya shiga ɗakin da goro a baki, alhali ya san doka ta hana.

A ɗakin ake jera zaren gawayi, wanda ido ba ya gani, a yi ɗan faifan da ake manna wa mai ciwon zuciya a ƙirji. Ranar Talata na je karɓar na mahaifiyata, domin nata ya yi rauni. Na tarar Uwani mai kula da ɗakin tana rufe taga.

"Malam Ɗahiru, sai la'asar," in ji ta. "Na zubar da aikin safe duka."

"Tsohuwa na gida tana haki, ke kina zubar da aiki?"

"Tanimu ya yi tari a ciki, ɓarɓashin goro ya karkatar da layin zaren. Da na ba ka faifan, kwana uku zai yi ya tsaya. Ka fi son haka?"

 Na tambaye ta yadda aka gane Tanimu ne. Ta ce ɗakin ya san numfashin kowa, har nawa da nake tsaye a waje.

Da la'asar Uwani ta miƙo mini sabon faifai. Kafin magariba Inna ta tashi ta yi alwala da kanta. Allah ya saka wa Uwani da alheri, ya ƙara mata taurin kai.

Tanimu kuwa an karɓe rigar aikinsa, an hana shi shiga ɗakin zare shekara bakwai.