Uwar Dakta Ta Tashi

Dakta yakan ce duk duniya babu kan da ba zai iya cusa wa ilimi ba. A ba shi makirfo kawai, in ji shi, ko jaki ne sai ya gane yadda dutse ke aman wuta. Rabin rayuwarsa a gindin dutsen da ke bayan garinsu ya yi shi, yana auna numfashinsa da na'urori, kuma duk mako yana gidan rediyo yana kwatanta cikin ƙasa da tukunyar da aka danne wa murfi. Mata na son shirin ƙwarai. Babu abin da ya kai shi sa jariri barci.

Sai ga shi tukunyar ta fara tafasa da gaske. Allurar na'ura ta haukace, rijiyoyin unguwar sama suka ɗauki ɗumi da warin ruɓaɓɓen ƙwai, gefen dutsen ya kumbura kamar maruru. Dakta ya shiga rediyo ya ce a tashi. Ya ɗaura lasifika a mota ya zaga gari har muryarsa ta dishe. Aka ɗaga masa hannu, aka ce Allah ya ƙara basira, kowa ya ci gaba da sabgarsa.

A bakin kasuwa ya ja birki gaban shagon tela, rigarsa sharkaf da gumi. "Wai ku so kuke ku mutu ne?"

Tela ko ɗaga ƙafa daga keke bai yi ba. "Dakta, mu fa ba bakinka muke kallo ba, ƙofar Inna muke kallo. In wutar nan gaskiya ce, ai uwarka za ka fara ɗaukewa. Ɗazu na hango ta tana shanya."

Ashe na'urar garin ke nan tun ranar da ya kama aiki, shi kaɗai ne bai sani ba.

Ya tarar da Inna a tsakar gida. Ya durƙusa, ya jawo tukunya da murfi, ya yi bayanin da bai taɓa yin mai kyansa ba. Ƙasa ta motsa har kwanuka suka yi ƙara a kan kanta. Ya nuna mata su, hawaye na zuba.

"Auta, na haife ka dutsen nan yana ƙugi, na yaye ka yana ƙugi," in ji Inna. "Ajiye min murfina." Ta ɗauki bokitin wankanta ta wuce.

Jim kaɗan motar Dakta ta fito a hankali, gilasai a rufe. A gidan gaba ga koren mayafin nan na Inna da duk garin ya sani, an lulluɓa har fuska, an ja bel tamau. Ya bi ta tsakiyar kasuwa, ya zago, ya sake bi. Mata suka rusuna suna gaisuwa, ba a amsa ba, suka ce baiwar Allah baƙin cikin barin gida ne ya ɗaure mata baki. Tela ya miƙe, allura a leɓe.

"Uwar Dakta ta tashi!"

Abin da lasifika ta kasa, wannan ihun ya yi shi. Motoci, babura, amalanke, masu katifa a ka, duk suka kwararo titi ɗaya. Dakta ya so ya juya a mararraba, ya so ya juya a gidan mai, amma taron ya ingiza shi gaba har tsallaken gada, zuwa filin makarantar da aka tanada.

Ya faka a inuwa, ya kulle, ya ce Inna na barci kada a dame ta. Jama'a suka yanyame shi. Tela ya ce don Allah yaya ya shawo kan tsohuwar nan.

"Tukunya da murfi," in ji Dakta. "Ilimi ai ilimi ne." Amma idonsa na kan dutsen, wanda ya fara tura baƙin hayaƙi sama, kuma ƙafarsa ta riga ta kama hanyar gada.

A bakin gadar ya tarar sojoji sun gitta katako. Fita kawai, ba shiga. Ya nuna katin aiki, ya roƙa, ya kama hannun wani soja kamar zai tsuguna. Toka ta fara sauka a kafaɗunsu.

"Na yi mantuwa. Yanzu zan dawo."

"Mantuwar me?"

"Na'ura."

"Na'ura ta fi ranka? Malam, uwarka na mota, me kuma ya rage maka a can?"

Dakta ya dubi waɗanda har yanzu ke tsallakowa suna waiwayen gidajensu, ya haɗiye abin da ke bakinsa. Dutsen ya yi wata irin tsawa da ta zubar da mutane ƙasa. Ya kutsa zai tsallake katakon, sojoji biyu suka rungume shi, yana fizge-fizge yana ihun da babu kimiyya a ciki ko kaɗan.

Daga cikin ƙurar tipa ta ƙarshe ta ɓullo, cike da awaki da tsofaffi. Aka sauko da wata mata, tawul a ka, toka ta yi mata fari fat. Ko kallon Dakta ba ta yi ba. Ta zare makulli daga aljihunsa, ta ratsa taron da ya yi tsit, ta buɗe motar.

"Auta, na fito wanka na ji gari ya ɗauka wai na tashi," in ji Inna, "shi ne na ce bari in zo mu gaisa da ni." Ta fizge mayafinta, filo biyu suka gangaro gaban tela.