Maganin da Dogara Bai Ƙarasa Ba

Wata biyu ke nan da Dogara ya fara shan maganin tarin tibi, hankalin matarsa Laure ya soma kwanciya. Tarin ya lafa, jinin da take gani a tsummansa ya ɗauke, har ya koma gonar masararsa da ke bayan ƙauyensu, can wajen Beli. Sai dai tun ranar farko Malama Zuwaira, ma'aikaciyar asibitin da ke ba shi ƙwayoyin, ta ja musu kunne: wata shida cur, kada a tsallake ko kwana ɗaya.

Wata Lahadi da aka zo lokacin ba da shaida a majami'a, Dogara ya miƙe tsaye.

"A yabi Ubangiji!" in ji shi. Jama'a suka amsa da Halleluya. "'Yan'uwa, kun ga yadda na rame kamar karan dawa. To, yau ga ni! Ubangiji ya warkar da ni sarai, babu sauran ciwo a ƙirjin nan."

Matan zumunta suka rangaɗa guɗa, aka kaɗa ganga. Laure ma ta yi tafi, amma ta san saura wata huɗu.

Ran Talata, ranar karɓo magani, ta ga ya saɓi fartanya.

"Baban Rahila, ba asibiti za ka ba?"

"In je in yi me? Shekaranjiya na tsaya gaban ikilisiya na ce na warke. Yau kuma a gan ni a kan bencin masu tari? Ai sai a ce Dogara ya yi wa Allah ƙarya."

"Malama ta ce ciwon kwanciya ya yi, bai mutu ba."

"To, Likita Laure! Daga ɗan sakandaren nan da kika yi, har kin fi ni sanin ƙirjina? Ke dai bangaskiyarki ce kaɗan."

Maganar ta yi mata zafi. Sau uku tana ɗaura ɗankwali za ta je ta faɗa wa Fasto, sau uku tana kwancewa. Yaya za ta tona asirin mijinta, mutumin da aka yi wa guɗa?

Da kaka ta zo, ana tsakar karyar masara, ta ji shi ya yi tari sau ɗaya a bayan rumbu. Ta san wannan tarin kamar yadda ta san muryar 'yarta. Ya ce ƙaiƙayi ne ya shaƙe shi. Kafin sati uku abinci ya gagare shi, zufa ta riƙa jiƙa masa riga, jinin ya dawo ya fi na da.

A bayan babur aka kai shi asibiti, Laure na riƙe da shi kada ya faɗi. Bayan gwaji, Malama Zuwaira ta girgiza kai.

"Haba Malam Dogara! Ai ciwon nan in aka saki magani a tsakiya, dawowa yake ya fi ƙarfin ƙwayar da aka saba. Sai dai babban asibiti a Kano."

Kwanansa tara a Kano ya rasu.

A zaman makoki Fasto ya ji yadda aka yi. Sai ya ce wa Laure, "Maman Rahila, da ma kin zo. Wanda ya ba shi sauƙin, ai shi ne ya ba shi maganin."

Ana cikin makokin ne 'yarsu Rahila, 'yar shekara huɗu, ta fara tari. Tsoro ya kama Laure, amma wannan karon ba ta yi shiru ba. Ta goya yarinyar da rana tsaka, ta ratsa ta tsakiyar ƙauye zuwa asibiti. Gwaji ya nuna Rahila ta ɗauki ciwon. Wata tsohuwa ta tare Laure a hanya ta ce, "Ke kuwa ba kya bar wa Yesu ba?"

"Shi na bar wa, Inna," in ji Laure. "Shi ne ya ba ni ƙafafun zuwa."

Ta yi ta zuwa, ko rana ko ruwa, tana addu'a tana ɗura magani, yarinya na kuka tana tofarwa, ita kuma tana sakewa. Ba ta tsallake ko kwana ɗaya ba, har ranar da Malama Zuwaira da bakinta ta ce an gama. Rahila ta tashi, amma ba ta da uba.

'Yan'uwa, samun sauƙi ba shi ne warkewa ba, kuma shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Ku gode wa Ubangiji a tsakiyar hanya, amma kada kunyar mutane ta hana ku jurewa har ku kai ƙarshenta.