Ranar da Baba Ya Fara Feshi

Ina 'yar firamare lokacin da Baba ya fara sayo maganin ciyawa daga kasuwar Sabon Gari. Bayan la'asar ya goya tankin feshi, ni da Inna muka bi shi gonarmu ta bayan Samaru. Har yau ina tuna warin maganin, yadda yake kama maƙogwaro.

Ya kusa kaiwa bakin rafi sai Inna ta sha gabansa ta tsaya.

"Malam, ka bar mini nan," in ji ta.

"Ciyawa ce fa. Za ta hana masara tashi."

"Wannan karkashi ne, ga lalo, wancan kuma tafasa. Ciyawar da kake faɗa, ita ka ci jiya da tuwo."

Baba ya gyara igiyar tankin, ya kewaye wurin ya ci gaba. Inna ta durƙusa tana tsinkar ganye tana zuba mini a gefen zane.

Yanzu ɗakunan hayar ɗalibai ne a wurin. 'Yata ta girma ba ta san waɗannan ganyen a tsaye ba, ni kuma ba ni da gonar da zan kai ta in nuna mata.