Abokin Tabarma

Yau ma da jini a kan matashin.

Bayumi ya ɗauko matashin kan nasa zuwa bakin ƙofa inda hasken la'asar ke ɗan leƙowa, don ɗakin ba shi da taga. Tabo ne kamar tafin hannun jariri. Ya ja tsaki, ya tsine wa garin Mahalla da duk wanda ya fara kafa masaƙa a cikinsa.

Tabarma bakwai ce a ɗakin Ummu Nabawiyya mai gidan, 'yan haya goma sha huɗu. Masu aikin rana su kwana a kai, da safe masu aikin dare su shigo cikin duhu su zube a kan ɗumin jikinsu. Tabarma ba ta hutawa, kuɗin cizo ma ba sa hutawa. Bokitin fitsari ɗaya a bayan ƙofa, kwata na bin gindin bango, sannan a ce ka gode Allah ka samu rufi. Wai wannan ne birnin da aka baro gona dominsa!

Abokin tabarmar Bayumi wani tsoho ne, Mitwalli, mai sharar auduga a ƙarƙashin injuna. Wata takwas suna kan tabarma ɗaya, ko gurasa ba su taɓa gutsura tare ba. Bayumi na aikin dare, tsohon na rana, a bakin lungu suke gifta juna, wannan na shiga wancan na fita.

Tari kam kowa na yi, ƙurar auduga ba ta ƙyale ƙirjin kowa ba. Amma tarin jini daban ne. Ranar da aka ga ja a ƙyallenka, ranar za a karɓe lambar aikinka a ƙofar masaƙa. Bayumi kuwa yana da mata a ƙauye, da 'ya mai wata biyar. In tsohon nan ya goga masa ciwo, ƙasa za su ci? Ga shi tuni jallabiyarsa ta fara yi masa yawa, kullum jiƙe da gumi yake farkawa.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne gwangwanin hulba. Kowace safiya sai ya tarar da shi a gefen tabarma, da ɗuminsa, an rufe bakin da guntun gurasa. Ragowar maganin mai tarin fuka, a dai inda zai sa kansa! Ƙafa yake sa masa.

Ran Juma'a an tsayar da injuna, kowa na gida. Bayumi ya fito tsakar gida da matashin, ya jefa shi gaban Ummu Nabawiyya.

"Duba nan, Inna! A kan wannan nake kwana."

Ta ja da baya tana toshe hanci da mayafi. "Na shiga uku! A gidana?"

Maza suka taru. Mitwalli yana tsugune yana wanke gwangwaninsa.

"Yi magana mana, Baba," in ji Bayumi. "Jinin wane ne? Ko kaza kake yanka mana a kai?"

Wasu suka yi dariya. Tsohon ya dubi matashin, ya ɗago ya dubi Bayumi, ya daɗe.

"Yarinyar taka ta fara zama kuwa?"

"Ina ruwanka da 'yata! Jinin wane ne?"

"Nawa ne," in ji tsohon.

Shi ke nan fa. Matar ta wurgo ƙunshin kayansa cikin kwata tana ihun gidanta ba asibiti ba ne. Ba wanda ya taya shi ɗauka. Da ya zo wucewa ta gaban Bayumi sai ya tsaya, ya yi ƙasa da murya.

"Hulbar nan, a bari ta tafasa sosai, ɗana. Da ɗumi ake sha."

"Tafi da ita kabarinka!"

Kafin Asabar magana ta isa kunnen mai kula da ma'aikata. Ko likita ba a kira ba, wa zai ɓata lokacin likita a kan mai shara? Aka karɓe lambarsa. Wani ya ce ya hango shi a gefen layin dogo yana tafe a ƙasa, gwangwani na lilo a ƙunshinsa.

Bayumi ya ƙone matashin. Ya goge tabarmar da kananzir, ya samo farin buhun fulawa ya wanke, ya cusa masa sabuwar auduga. Babu wanda ya yarda ya hayi rabin tabarmar mai tarin fuka, don haka daren nan ta kwana ba kowa a kanta.

Da safe ya dawo daga aiki ya same ta da sanyi, karo na farko tun zuwansa garin. Babu gwangwani. Ya ce alhamdu lillahi, ya kwanta.

Da la'asar wani ya turo ƙofa, haske ya faɗo a kan farin buhun da kai ɗaya tak ya taɓa hawa.

Yau ma da jini a kan matashin, ko bushewa bai yi ba.