Rediyon Zaure

Ana saura kwanaki a karɓi 'yancin kai, Arzika ya dawo Bagudo daga Dahome da kwali a bayan keke. Ya sauke shi a ƙofar gidan su Barira, wadda zai aura bayan kaka. Ragunanta biyu ta sayar ta ba shi kuɗin, don ya cika ya sayo garmahon da za su riƙa saurare a ɗakinsu.

Ya buɗe. Rediyo ne da ƙaton batir.

"Garmaho allura yake ci, ga tsadar faifai," ya ce, bai kalle ta ba. "Wanga ya hi sauƙi."

"Ina za ka aje shi, Yaya?"

"Zaure. Ko hakimi bai da irinai."

Matar aure ba ta zaman zaure. Barira ta hango mazan gari maƙil suna yaba shi, ita tana ciki tana tuƙa musu tuwo.

"Ashe girma ka sayo da ragunana."

"Haba, ke ma kina ji ta katanga."

Ta rufe kwalin a hankali. "To nemi mai ji ta katanga ka aura."

Ta shige gida.