Labarin da Ta Kai wa Malam

Tana cikin gugar farar rigar mijinta rediyo ya fara karanto sakamako, mazaɓa bayan mazaɓa. Zaɓen majalisar dokoki ne na farko tun da sojoji suka koma bariki, kuma manyan da aka ce ba sa kayuwa sai zubewa suke.

A zamanin baya mijinta, Malam, ya sha tsayawa takara, ya sha ƙasa. Yakan dawo ya tuɓe takalmi ya ce, "Uwargida, anya ko ke kin zaɓe ni?" Sojoji ma sun taɓa tsare shi saboda bakinsa. Wancan karon ta jure. Amma tun ranar da aka zo aka fita da shi wannan karon, gidan ya yi mata girma. Ko shayi ta dafa, sai ta ga ta zuba ruwan mutum biyu.

Da aka zo mazaɓarsu sai ta ɗaga dutsen guga. Sunansa aka kira, da rata mai yawa. Ta juya za ta yi magana, babu kowa sai kujerarsa.

Titi ya ɓarke da sowa da hon ɗin motoci, amma da ayarin masu murna ya zo daidai ƙofarta sai hayaniyar ta lafa. Sakataren jam'iyya kaɗai ya shigo, ya tsaya daga bakin ɗaki.

"Mama, kin ji? Hukumar zaɓe ta ce sai an sake a mazaɓarmu, amma yau dai tamu ce."

"Su sake," in ji ta. "Na yi masa alkawari ni zan fara kai masa labari."

"To bari in kai ki a mota."

"Bar shi, ɗana. Ƙafata ta san hanya."

Ta bi ta bayan kasuwa, inda hotunansa ke manne a bango, rana ta cinye launinsu. Mai gadi na hango ta ya ja ƙofar ƙarfe, bai tambaye ta wurin wa ta zo ba.

Ta wuce har ƙarshen layi, ta durƙusa gaban tudun ƙasar wani sabon kabari.

"Malam, ka ci," ta ce a hankali. "Ba a samu cire sunanka daga takardar ƙuri'a ba, shi ne waɗanda suka ɗauko ka zuwa nan suka koma suka zaɓe ka."