Dutsen Masu Gaba

Tsohon ya jefa fasfon ɗansa cikin rumbun da fari ya bari wayam, ya zauna daram a gindinsa.

"Gero ya ƙone daga Droum har Gouna, kai kana can Faransa kana gadin dutse? Ba ka komawa makarantar lakkwal sai ka faɗa mini amfaninsa."

"Baba, ƙananan maganaɗisu ne warwatse cikin dutsen. Kowanne so yake ya juya wa maƙwabcinsa baya. In biyu ne, da sauƙi. In uku ne, na ukun ya rasa inda zai dosa. Da mun sanyaya dutsen, sai kowa ya daskare a karkace."

"Shirmen Nasara!"

Washegari aka fita roƙon ruwa bayan gari, riguna a juye. Da aka zauna addu'a, cunkoso ya haɗa tsohon tabarma ɗaya da ƙannensa biyu. Tun rikicin rijiya ba ya ga-maciji da su, su ma ba sa yi da juna. Ya ba wannan baya, sai ga shi ido da ido da wancan. Ya sake juyawa, haka dai. Ƙarshe ya kafe wuya a karkace, yana kallon jakin wani, har aka shafa.

Ya shigo gida yana murza wuya.

"Kai, faɗa rumbu ka ɗauko takardarka. In kun samo maganin dutsen nan, ka aiko da na mutum uku."